Kwana Ashirin da Ɗaya da Na Roƙi Inna

Sadiya, Mubarak, Amira, wannan babin naku ne. Na san abin da aka faɗa muku a Ɗambatta lokacin da kuka je biki, wai ubanku ya ƙi zuwa ganin mahaifiyarsa tana ciwon ajali saboda yana New York yana sayar da jininsa. Na kuma san amsar da kuka bayar, musamman ke Sadiya, da kika gado bakina bai iya riƙe magana ba. Tun daga ranar in Baffanku Lawal ya kira sai ku riƙa tura wa juna waya. To ku zauna ku karanta a tsanake. Abin da aka faɗa muku ba duka ne ƙarya ba, ku kuma da kuka tare min faɗa ba ku san abin da kuke karewa ba.

A shekarar da abin ya faru ina da shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan ban taka gida ba. Ba ƙi na yi ba, takardu ne suka ɗaure ni, in na fita ba dawowa. Tasi nake ja daga safe zuwa la'asar, lokacin motocin nan da ake kira ta waya sun fara kwashe mana fasinjoji, muna zaune a Harlem, hawa na huɗu, a gidan da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Da sanyin shekarar takardun suka fito. Ni da mahaifiyarku muka yanke shawarar a jira dogon hutun makaranta mu tafi gaba ɗaya, don Inna ta ga jikokin da ba ta sani ba sai a murya, muryar ma ta yi muku Hausa ku mayar mata da Turanci. Wata biyar muke gani ba wani abu ba ne ga wanda ya jira shekara goma sha ɗaya.

Amma maganar jini ta girmi wannan da shekara biyu. Akwai Malam Kabiru, mutumin Zariya, da muke sallah masallaci ɗaya, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Shi ya dage sai da aka kawo motar karɓar jini ƙofar masallaci wata Juma'a, ya tsaya yana roƙon mutane ɗaya bayan ɗaya. Mutanenmu kuwa kun san su. Wannan ya ce sayar da jinin ake yi, wancan ya ce ta nan ake gano marasa takardu, wani ya tuna ya ajiye mota inda bai kamata ba. Ni duk wannan bai dame ni ba, allura nake tsoro, tun ina yaro, har yau kuma ban daina ba. Ina sulalewa ta gefe sai ga mahaifiyarku ta sauko daga motar, auduga a hannu, tana shan lemo.

"Baban Sadiya, ina zuwa? Ga layi nan."

"Zan leƙa mota ne."

"Motar ba ta gudu. Ko in zo in riƙe maka hannu?"

A gaban jama'a ta faɗa, har da 'yan Nijar da ba sa barin abin dariya ya wuce su. Haka na hau, na rufe ido, na yi salatin da ban taɓa yin mai yawansa ba. Bayan mako uku ita aka aiko mata da ɗan kati, ni kuwa aka aiko min da ambulan mai kauri, da lambar waya, wai in kira su. Turancina na tasi ne, ya ishe ni faɗa da fasinja amma bai kai na likitoci ba. Na karanta layi biyu na naɗe, na ce shi ke nan, sun ga mugun ciwo. Kwana goma takardar tana ƙarƙashin kujerar mota, abinci ya fita kaina, ina kallon ku ina share hawaye a ɓoye. Da abin ya ishe ni na ja Malam Kabiru gefe bayan sallar la'asar na miƙa masa. Ya karanta, ya kalle ni, ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango.

"Malam Haruna, ba ciwo suka ce kana da shi ba. Roƙonka suke yi."

A dakalin masallaci ya zaunar da ni ya yi min karatu. Ya ce ƙwayoyin jinin kowa suna da tambari a jikinsu. Wani tambarinsa A, wani B, wani ya haɗa biyun, wanda ba shi da ko ɗaya shi ake kira O. In za a gwada, sai a ɗiga jinin mutum wuri biyu, a zuba wa ɗaya ruwan da ba ya shiri da A, ɗaya kuma ruwan da ba ya shiri da B. Inda jinin ya dunƙule, kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami, to mutum yana da wannan tambarin. In duka biyun suka zauna lafiya, O ne. Akwai ɗigo na uku, shi ke nuna abin da suke kira positive ko negative. Na ce ai wannan na sani, ni O ne, tun a Kano aka gaya min.

"Waɗannan manyan ne kawai," in ji shi. "Akwai ƙanana birjik. A cikinsu akwai wani da ake kira U. Bature yana da shi, ɗan Sin yana da shi, ni ina da shi, matarka ma ina kyautata zaton tana da shi. Waɗanda ba su da shi 'yan tsiraru ne, kuma kusan dukkansu jinin Afirka ne. Kai kana cikinsu."

Wato ni da na ɗauka an gano wani abu a jikina, ashe rashin wani abu aka gano. Na ce to daga ina na kwaso wannan? Ya zaro goro daga aljihu ya ɓare shi biyu. Ya ce haka gado yake, ɓari ɗaya daga uwa, ɓari ɗaya daga uba. In ɓari ɗaya yana ɗauke da tambarin, ya wadatar, zai fito a jini, rashin da ke ɗayan ɓarin ya ɓuya. Sai rashin ya zo ta ɓangare biyun sannan a haifi irina. Ya tambaye ni ko iyayena 'yan'uwa ne. Na ce 'ya'yan wa da ƙane ne. Ya gyaɗa kai ya jefa ɓarin goron a baki. Ku ma ku sani, kowannenku na ba shi ɓarin nan nawa, yana kwance a jikinku ko da gwaji bai nuna shi a fili ba, ku faɗa wa likita ranar da haihuwa ko tiyata ta taso a gidajenku. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na ƙarshe da ya faɗa. Irinmu in aka ƙara mana jini mai tambarin U, karon farko yana iya wucewa lafiya, amma jiki ya riga ya gane baƙo, in aka sake sai ya yaƙe shi, yaƙin kuma yana iya kisa. Daga nan ba wanda zai ba mu sai irinmu. Tun lokacin in sun kira ni nakan je, in rufe ido, su ɗiba su sa a firiza, ban san wa ake ba ba, ban kuma tambaya ba.

Wata Juma'a cikin watan Maris, bayan takarduna sun fito, ana sallamewa wani mutum ya miƙe a sahun baya. Awudu ne, ɗan zangon Kumasi, mai teburin huluna da turare a titin 125. Daga unguwar Park Hill mai nisa yake zuwa kullum, bas, jirgin ruwa, jirgin ƙasa, kafin ya buɗe tebur ya yi tafiyar da ta ishi wani gajiyar yini. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai tsokanar da muke yi masa kan Hausarsu da ba ta raba mace da namiji. Ranar ba wanda ya yi dariya.

"Jama'a, ku taimaka mani saboda Allah. Matana Fusaina shi na asibiti, shi na da sikila, shi na da ciki wata shida. Jininshi ya sauka. Dokita ya ce jinin da zai karɓa babu shi ko'ina. Ga takarda, ni ban iya karanta wannan ba."

Takardar ta bi hannu hannu har ta iso gare ni. Ban fahimci komai a ciki ba sai harafi ɗaya, U ɗin nan da ke jikin katin da masu karɓar jini suka ba ni, yana aljihuna. Ashe kiran da cibiyar jini ta yi min sau biyu da safe, ina tuƙi ban ɗauka ba, a kanta ne. Tun tana yarinya a Ghana an sha ƙara mata jini, ana duba manyan tambura kawai, jikinta ya riga ya koyi yaƙi. Ita B ce, ni O, wannan ba matsala, mai O yana ba mai B. Washegari na je na bayar, aka ƙara mata cikin makon. Likitoci suka ce za su ciro jaririn ta tiyata nan da mako tara ko goma, kuma ba sa son su taɓa ta sai da jini leda uku a ajiye. Sun bincika har wasu jihohi sun samo biyu. Ta ukun tawa ce, amma doka ta ce tsakanin bayarwa da bayarwa sai an yi kwana hamsin da shida. Na ce ba komai, ina nan, ina za ni?

Mako biyar bayan haka, ina shan shayin safe, Yaya Lawal ya kira. Shi ne babbanmu, shi ke riƙe da Inna a gidansa tun rasuwar Baba. Ya ce ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, likita a Kano ya ce zuciya ce kuma ta gaji, sun dawo da ita gida.

"Tana ta kiran sunanka. Yanzu ba ka da hujjar takarda. Ka taho."

Na ce ina tafe, Yaya. Kafin azahar na sami jirgin jibi. Sai na kira Malam Kabiru in gaya masa zan je in dawo cikin mako biyu, kafin ranar bayar da jini ta yi. Sai ya ce duk wanda ya taka ƙasar da ake zazzaɓin cizon sauro, ko kwana uku ya yi, ba za a karɓi jininsa ba sai bayan shekara guda. Yanzu na ji an sassauta, amma lokacin haka dokar take. Na yi masa ihu kamar shi ya rubuta ta. Na ce ni da sauro ya raina tun ina goye, yau za a ce min sauro? Na ce zan kwana a gidan sauro, zan sha magani, in ya so in an tambaye ni in ce ban je ko'ina ba.

"In ka kwaso zazzaɓin ba ka sani ba, aka sa wa mai sikila da ke kan gadon tiyata, ka san abin da zai faru," in ji shi. "Ƙarya kuma ba da ni ba."

Na wuce cibiyar da kaina na ce su ɗiba yau, ko leda biyu ce. Suka kira babban likitansu, aka tsaga yatsana aka auna, aka ce jinin da na bayar bai gama dawowa ba, in sun ɗiba ni ma sai an nema min. Saura kwana ashirin da ɗaya, ba ragi. Malam Kabiru da ya raka ni bai ce in zauna ba, bai ce in tafi ba. Ya ce za su ci gaba da nema, ana iya dacewa, ana iya rashin dacewa. Na tsani wannan amsar, na kuma tsane shi ranar, Allah Ya yafe min.

A gida mahaifiyarku ba ta yi wata-wata ba. Ta riga ta sauko da akwati tana jera min kaya, har da man zafi da ta saya wa Inna.

"Baban Sadiya, uwa ɗaya gare ka. Matar nan tana hannun likitocin Amurka, Inna kuwa tana hannun wa? Ka tafi. In wani abu ya faru ba ka je ba, ni zan zauna da kai, na san halinka, ba za ka yafe wa kanka ba, mu ma ba za ka bar mu mu huta ba."

Ku shaida, gaskiya ta faɗa, duk abin da ta ce ya faru. Na yarda da ita, na ce amma ba zan gudu ba sallama ba, sai na gaya wa Awudu baki da baki. Na ajiye tasi na taka zuwa teburinsa. Na yi masa bayani ina kallon kwalaben turare don na kasa kallon fuskarsa. Na shirya wa kuka, na shirya wa roƙo, har na tanadi amsar da zan ba shi in ya ce na ci amana. Bai yi ko ɗaya ba.

"Tafi, Alhaji. Uwa ne. Ni uwana ya rasu ina nan wurin, ban gan shi ba. Kar ka yi irin nawa. Fusaina, Allah na nan."

Ya juya yana gyara huluna. Hula ɗaya ya ɗauka ya ajiye, ya sake ɗauka ya ajiye, har ya ture kwalba ta faɗi ta fashe a kan titi. Ya durƙusa yana tsince gilashin yana ba ni haƙuri, wai kada ya yanke ni. Da ya roƙe ni, wallahi da na tafi, don na iya faɗa, na iya kare kaina. Wannan ne ban san yadda zan yi da shi ba. Na koma mota na zauna, ƙanshin turaren duk ya bi takalmina, na kira Yaya na ce ya ba Inna waya.

Muryarta ta yi ƙasa, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. Na yi mata bayani yadda zan iya. Ban yi maganar tambari ba, na ce akwai wata mata mai ciki, jininta irin nawa ne, irin namu kuma ba shi da yawa a duniya, in na taho yanzu ba za su karɓi nawa ba.

"Sayarwa kake yi?"

"A'a, Inna, kyauta ne."

"'Yar wace gari ce?"

"'Yar Ghana ce."

"Tana da wasu 'ya'yan?"

"Wannan ne na fari da ya zauna."

Ina jin kaji a tsakar gida, ina jin Yaya yana cewa me yake faɗa, me yake faɗa. Ina so ku san wannan da kyau, don na ji wasu na cewa ita ta ce in zauna. Ba ta ce ba. Ba zan ɗora mata abin da ni na yanke ba. Tambaya ɗaya ta ƙara.

"Kwana nawa?"

"Ashirin da ɗaya, Inna. Washegari ina hanya."

"To. Zan gwada."

Yaya ya karɓe wayar. Abin da ya faɗa min ba zan rubuta duka ba. Ƙarshensa dai ya ce na zaɓi matar wani a kan wadda ta haife ni, ya kashe. Na mayar da tikitin zuwa kwana na ashirin da biyu. Mahaifiyarku ta bar akwatin a buɗe a tsakar ɗaki, muna kewaye shi, amma kullum hanta da alayyafo take dafa min don kada a je auna jini a ce bai kai ba. Kowace safiya kafin in fita ina kiran gida. Yaya yakan ɗauka ya miƙa mata ba tare da ya amsa sallamata ba. Wata rana mu yi minti biyu, wata rana numfashinta kawai nake ji. A kwana na goma sha biyu ta sha kunu har ta tsokane ni, ta ce in zo mata da allurar da nake tsoro ta gani. Na ce a raina mun tsallake.

A kwana na goma sha bakwai, wajen ƙarfe bakwai na safe, ina ɗauke da fasinja, wayar ta yi ƙara. Ba ni na kira ba, daga nan na sani.

"Inna ta cika. Bayan la'asar za mu kai ta."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kai fasinjan inda za shi, har yau ban san ta wace hanya na bi ba. Gidanmu ya cika da masu ta'aziyya, kuna ƙanana kuna raba ruwa, Malam Kabiru yana karɓar baƙi a ƙofa. Awudu ya zo ya zauna can wajen takalma, bai iya ƙarasowa kusa da ni ba, ni ma ban kira shi ba. Aka yi addu'ar uku. Washegari kwana ashirin da ɗaya suka cika, na yi wanka na tafi cibiyar. Ka'ida ce kafin a ɗiba sai nas ta yi wa mutum tambayoyi, ko da ta san shi. Wata baƙar fata ce mai kirki, tana karantowa ina amsawa, har ta zo kan wadda na manta tana ciki: shin ka fita daga ƙasar nan a 'yan shekarun nan? Na buɗe baki in ce a'a, maganar ta ƙi fita. Kukan da ban yi a mota ba, ban yi a gaban masu ta'aziyya ba, a gaban matar nan na yi shi. Ta ajiye biro ta jira ni. Da na natsu na ce a'a, ban je ko'ina ba, ta rubuta. Ranar ban rufe ido ba, ina kallo ledar ta cika.

Bari in gaya muku ƙarshen Fusaina tun yanzu. Bayan kwana tara aka yi tiyatar, ta zubar da jini sosai, leda ukun nan duka aka ƙara mata. Ta tashi, 'yarta ma ta rayu. Da a ce leda biyun nan kaɗai aka samu, da ta tsira? Na tambayi Malam Kabiru sau da yawa, ya ce ba likitan da zai iya rantse min. Awudu ya kira ni yana kuka yana neman sunan Inna don ya sa wa yarinyar. Na ce masa sunan uwata ba ladan jini ba ne, na kashe waya. Mutumin bai yi min laifin komai ba, ni ne zuciyata ke neman wanda za ta huce a kansa. Sai bayan shekara na je har teburinsa na ba shi haƙuri. Maganar sayar da jini kuwa ba daga bakin Baffanku ta fito ba, bai taɓa faɗa ba. Mutanen gari ne suka ji ana cewa jini ya riƙe ni, suka kasa yarda mutum zai bar uwarsa saboda abin da yake bayarwa kyauta, suka cike sauran da kansu.

Na sauka Kano kwana shida bayan rasuwar, na isa Ɗambatta da hantsi. Garin ya canza, sai da na tambayi hanyar gidanmu. Yaya Lawal yana zaure a kan tabarma. Na bar shi da baƙin gashi, na tarar da dattijo, idanunsa sun faɗa. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya, ya amsa a taƙaice yana kallon ƙasa. Da mutane suka ragu ya miƙe ya ce in biyo shi. Ɗakin Inna ya kai ni. An naɗe katifar, an share ƙasa, carbinta yana rataye a ƙusa. Ya sunkuya ya jawo wani ɗan kwanon sha daga ƙarƙashin gado ya ajiye a tsakaninmu. Ƙwallayen dabino ne a ciki, guda huɗu.

Ya ce ranar da muka yi waya ta sa aka ƙirgo mata ashirin da ɗaya. Kullum bayan asuba sai ta cire ɗaya ta ba shi ya jefar. Kwana ukun ƙarshe ba ta iya ɗaga hannu, shi yake kama yatsunta ya sa su a cikin kwanon. Likita ya ce ba za ta yi mako ba, ta yi fiye da biyu, tana shan maganin da ta tsana, tana haɗiye kunu da ƙyar, in Yaya ya ce ta huta sai ta ce saura nawa.

"Ta ce kada in yi maka faɗa," in ji shi. "Na ce mata to, kuma ba zan yi ba. Wataƙila abin da ka yi daidai ne, Allah Ya sani. Amma kai ka zaɓi ka jira, Haruna. Ni ba wanda ya tambaye ni. Ni nake miƙa mata kwanon nan kullum."

Na juye huɗun a tafin hannuna na sa a aljihu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki hularsa.

"Tashi mu je kafin rana ta yi zafi. Kai kaɗai ba za ka gane kabarin ba."

Ya shiga gaba, na bi shi a baya.